Filafilin Datti Mai Tamfol

Duk direban da ya taɓa lodin dankali daga Jos zuwa Kudu a shekarun baya ya san Alhaji Datti Mai Tamfol. In bai san fuskarsa ba, ya san ɗinkinsa. Mahaifina ne, ni ce autarsa, Suwaiba. Rumfarsa tana bakin hanya a Kwararafa, tsakanin mai faci da wata mai tuyar ƙosai, kuma a nan ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana ɗinka tamfol na manyan motoci da rumfunan biki. Bai taɓa hawa keken ɗinki ba. Kayan aikinsa basilla ce, da zare mai kauri da yake murzawa da kakin zuma, da wata tsohuwar fata mai ƙarfe a tsakiya wadda yake zurawa a tafin hannu don tura basillar. Fatar nan ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma na tabbata da gobara za ta tashi a gidanmu, ita zai fara ɗauka kafin ya tuna da mu.

Direbobi suna son aikinsa, amma suna shakkar bakinsa. In ka kawo masa tamfol da ya yage, sai ya shafa gefen ya ce, "Wa ya yi wannan ƙulli? Mota ka ɗaure ko akuya?" Kafin ka amsa ya shiga labarin teku, kuma in ya shiga, sai dai ka nemi benci.

Yana da shekara goma sha huɗu ya bi kakanmu zuwa aikin hajji ta ƙasa, kamar yadda mutanen da suke yi. Kakanmu tela ne a barikin kuza. Suna tafe suna ɗinki a garuruwa, shekara biyu, har suka isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. A nan ciwon ciki ya kwantar da kakanmu, bai tashi ba. Baba ya tsinci kansa shi kaɗai a garin da bai san kowa ba, ba abin da ya iya sai riƙon allura. Wani tsoho mai ɗinka wa jiragen sambuki filafili ya ɗauke shi aiki, ya zauna a wurinsa shekara takwas kafin ya haye ya sauke farali ya dawo gida. Filafili, ga wanda bai sani ba, shi ne babban ƙyallen da ake ɗaga wa jirgin ruwa don iska ta tura shi. Baba da kansa shira'i yake cewa, yadda ya koya a can.

Mun haddace darasin tun muna yara, ba don muna so ba. Sai ya share ƙasa da ƙafa ya zana da tsinin basilla. Ga mai kusurwa huɗu, irin na tsofaffin jiragen Turawa, ana jera su wani a kan wani kamar an yi shanya a bene. Ya ce sau ɗaya ya ga irinsu, wani jirgin koyon aiki da ya tsaya shan ruwa. Suna da ƙarfi, amma sai iska tana bayansu suke da baki. Ga kuma ƙanana masu kusurwa uku da ake ratayewa a hancin jirgi. Sannan sai ya gyara zama, don an zo wurin nasa: na sambuki, babba guda ɗaya, mai kama da fiffike, wanda ake ɗaurawa a doguwar sanda da ke rataye a karkace jikin ginshiƙin jirgi. Wannan, in ji shi, ko iska ta fito daga inda za ka, yana iya sace hanya ya bi ta gefe, ya juyo ya sake bi ta ɗaya gefen, har ya kai ka.

"Igiya kuma iri biyu ce a jirgi," haka yake cewa yana ɗaga yatsu. "Akwai mai tsayuwa, akwai mai tafiya. Mai tsayuwa ita ke riƙe da ginshiƙi, ba a taɓa ta. Mai tafiya kuwa kullum tana hannu, a ja, a saki. Wanda ya haɗa su biyun nan, kifi zai yi masa jana'iza."

Mutanen unguwa suka sa masa Kyaftin. Ba da mugunta ba, amma ba da girmamawa ba kuma. Garin da ke kan dutse, wanda ruwansa mafi girma kududdufin da masu haƙar kuza suka bari ne, ina ruwansa da filafili? Ni kaina na sha jin kunya idan ƙawayena suka biyo ni rumfa ya tsare su da zane a ƙasa. Yau kam da zan samu zanen nan guda ɗaya, da na kewaye shi da duwatsu kada a taka.

A farkon shekarar 2004 likita ya gaya mana abin da muka daɗe muna zargi. Hawan jinin ido ne, kuma an makara. Idon hagu ya tafi. Na dama saura ɗan kaɗan, kamar mai leƙe ta kafar kwano, kuma likitan bai yi mana alkawarin zai kai ƙarshen damina ba. Muka koma gida ni da Baba. Sai da muka zauna a rumfa bayan la'asar, ya zura fatarsa a hannu ba tare da wani aiki a gabansa ba, sannan ya kira ni.

"Suwaiba, zan gaya miki abin da ko uwarki ban gaya wa ba har ta rasu. Ni fa ban taɓa shiga sambuki ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Baba, shekara takwas?"

"Shekara takwas a tudu. Ni mai ɗinki ne. In mun gama, matuƙa su zo su naɗe su tafi da shi. Rumfarmu tana bayan rumbunan kaya, ko ruwan ba a gani. Idan jirgi zai tashi muna kan wani aikin, maigidana kuma ba ya son ɗaga kai. Na ga filafilan wasu daga nesa. Nawa, wanda na san ni na ɗinka, ban taɓa ganin iska ta cika shi ba. Da na tashi hayewa ma, jirgin hayaƙi aka sa mu." Ya juya hannun da ke cikin fatar. "Ban taɓa cewa na tuƙa ba. Amma da suka ce Kyaftin, ban hana ba."

Tausayi ya kama ni, haushi ma ya kama ni, don shekara talatin ina jin labarin guguwa daga bakin mutumin da bai jiƙa ko gefen wando ba. Na ce to yanzu me yake so. Ya ce yana so ya ɗinka guda ɗaya, ƙarami, ya gan shi a cike da iska a kan ruwa kafin idon ya rufe. Ya ce ba ya neman komai bayan wannan.

Na sayo masa yadin akoko mai kauri da igiyar rama. Ya tsaga ƙyallen dogaye-dogaye, ya fara haɗawa. A nan ne zuciyata ta karye, don na ga yankan ba a miƙe yake ba. Kowane tsagi gefensa ya ɗan lanƙwasa, yana haɗa su kuma ƙyallen ya ƙi kwanciya a tabarma, ya yi ta tattarewa a tsakiya. Mutumin da tamfol ɗinsa ke shimfiɗuwa sumul kamar faranti! Na ce a raina ido ya gama aiki. Sau biyu ina niyyar ɗauka a ɓoye in kai wa mai keke ya gyara, sau biyu ina fasawa. Na bar shi yana ɗinka igiya a gefen ƙyallen, yana ƙirga ɗinki da babban yatsa, hancinsa kusan yana taɓa aikin.

Ginshiƙi da sanda kuwa aikin mutum ɗaya ne a duniyar Baba, wato Baba Datong, kafinta a kasuwar Katako. Tun suna samari suke tare: Datong ya kafa katakon rumfar biki, Baba ya rufa. Maƙwabcinmu ne a da, matarsa ce ma ta yi wa innarmu wankan jego lokacin da aka haife ni. Bayan rikicin 2001 ya kwashe iyalinsa ya koma Jos Jarawa. Ba su yi faɗa ba, amma zumuncin ya koma na saƙo, a gaida Alhaji, a gaida Datong. Da na kai masa maganar a shagonsa, ya yi dariya har da tari.

"Jirgi? A Jos? Wannan baban naki bai canja ba. To me yake so?"

Na ba shi awon da Baba ya ƙulla a jikin zare, da zanen da ya yi a bayan kalanda: itace a tsaye, sanda a karkace. Saƙon baka kuwa guda ɗaya ne, a yi aiki mai ƙarfi. Baba bai ƙara bayani ba, don a ganinsa duk mai hankali ya san sauran.

Na samo wani masunci da ke da kwalekwale a wani kududdufin kuza ta hanyar Bukuru. Ya yarda, da sharaɗin zai ɗaura jarkoki huɗu marasa komai a gefe, don ruwan nan zurfinsa ba na wasa ba ne kuma a cikinmu shi kaɗai ya iya iyo. Ranar wata Asabar a watan Afrilu muka ɗauki hayar a-kori-kura muka tafi da safe. Baba Datong ya riga mu isa tun da sassafe, ya kafa komai, yana tsaye yana murmushin wanda ya gama aiki. Rana ta fito tas, iska tana kaɗawa daidai. A ranar Baba yana iya ganin farar rigata daga taku goma.

Ya isa wurin kwalekwalen ya ɗora hannu a kan ginshiƙin, ya bi shi sama har inda sandar ta gitta. Sai na ga hannun ya tsaya. Ya tura sandar, ba ta motsa ba. Ya sake turawa da ƙarfi.

"Datong, mene ne wannan?"

"Ƙusa ne, Alhaji. Inci shida, guda huɗu. Na ƙara masa tokara biyu ta baya. Ko guguwa ya zo, wannan abu ba zai yi motsi ba."

Kafinta ne na rufi. A sana'arsa, katakon da ke motsi katakon da zai kashe mutum ne. Ya ga zane, itace ya gitta itace, ya yi abin da ya yi shekara arba'in yana yi. Amma sandar filafili ba a kafe ta. Da igiya ake rataye ta, ta hau ta sauka, ta juya duk inda iska ta juya. Wadda aka buga wa ƙusa, iska ta farko za ta kifar da jirgin.

Da Baba ya faɗi haka cikin lalama, da an zare ƙusoshin a ranar, ko da sandar ta tsage an nemi wata. Amma Baba ne. Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce ai dama mai buga kwano ba ya sanin komai sai guduma. Ya ce da ya san haka ne da ya kai wa mai yin akurkin kaji. A gaban masunci, a gaban direba. Baba Datong ya tsaya yana saurare har ya gama.

"Ni ka ke gaya wa haka? Na bar aikin coci na zo nan saboda kai. Shekara arba'in, rufi na ko ɗaya iska bai ɗauka ba. Ka ce aiki mai ƙarfi, na yi maka aiki mai ƙarfi." Ya tattara kayan aikinsa a buhu, ya hau ɗan acaɓa ya tafi.

Muka naɗe filafilin muka dawo. Sati uku ba wanda ya nemi wani. Na ce a kira wani kafinta, Baba ya ce ba wanda zai taɓa masa itace. Na ce to ya aika a ba Datong haƙuri, ya ce shi aka yi wa laifi. Na ɗauka muna da damina guda a hannu, shi ya sa ban matsa ba, kuma wannan sakacin nawa har yau yana ci mini rai. A cikin sati na uku, wata safiya na kawo masa koko, na miƙa masa kofin ta dama, ya miƙa hannu ta hagu. Na tsaya a gabansa da farin mayafi, rana tana dukana, ya tambaya ko na fita ne.

Ranar ban je makarantar da nake koyarwa ba. Na wuce Katako kai tsaye, na samu Baba Datong yana feƙe katako, na zazzage masa duk abin da ke cikina, har da wanda ba laifinsa ba. Na gaya masa ido ya tafi. Na gaya masa abin da Baba ya ɓoye shekara hamsin, cewa bai taɓa shiga jirgin ba, bai taɓa ganin aikinsa a kan ruwa ba. Na san amana na ci, kuma ban yi nadama ba. Ya ajiye abin feƙen a hankali ya zauna a kan tulin katakon tubaifo.

"Bai gani ba? Ko sau ɗaya?" in ji shi. "To me ya sa bai ce mini abin yana juyawa ba? Ni na taɓa ganin teku ne?"

Washegari da hantsi sai ga shi a Kwararafa, karo na farko cikin kusan shekara uku, da sabuwar gora doguwa a kafaɗa, wadda za ta maye gurbin sandar. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya zauna a bencin direbobi ya ce, "Alhaji, ga hannuna. Nuna mini." Baba bai ba shi haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Ya dai lalubo hannun ya riƙe ya daɗe bai saki ba, sannan ya ɗauko igiya. Kwana uku suna abu ɗaya. Na ji da kunnena tsohon kafinta yana maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya, wannan mai tsayuwa, wannan mai tafiya. Ya huda kan ginshiƙin ya goge kafar sumul don igiya ta riƙa zarya. Ya sassaƙa wani zoben katako da zai riƙe gorar kusa da ginshiƙi ba tare da ya matse ta ba. Yana yi yana mita, wai shi a rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai girgiɗi da gangan ba.

Muka koma kududdufin a tsakiyar Mayu, bayan azahar, hadari yana haɗuwa can gabas amma bai matso ba. Ni na so a fasa. Na ce me za a je a gani, tunda mai ganin ba ya gani? Baba ya ce a tafi. Aka zaunar da shi a tsakiyar kwalekwalen, masunci a baya da matuƙinsa, Baba Datong a gindin ginshiƙi yana riƙe da gefe da hannu biyu, don shi ma ranar ce farkon shigarsa ruwa. Ni ma na shiga, ina karanto duk addu'ar da na sani. Masunci ya tura mu muka bar gaɓa.

"Ja igiyar saman," in ji Baba. Baba Datong ya ja, gorar ta hau tana ƙara, ƙyallen ya warware yana kaɗawa fat-fat kamar shanya. Baba ya naɗe igiyar kusurwar ƙasa a hannunsa mai fata, ya karkata kai yana jin iskar a kuncinsa, ya ce wa masunci ya ɗan juya dama. Ya ja igiyar kaɗan. Sai ƙarar ta ɗauke ɗif. Kwalekwalen ya ɗan kishingiɗa a kan jarkokin, na ji ruwa ya fara magana a ƙarƙashinmu, masunci ya ɗaga matuƙinsa sama ya ce, "Ikon Allah! Oga, tafiya fa muke yi!"

"Datong," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Gaya mini abin da ka gani. Kada ka rage komai."

Baba Datong ya ɗaga kai ya duba, ya dube ni. Na gane abin da ke damunsa, don ni ma shi nake kallo. Na girgiza masa kai, alamar kada ya faɗa. Amma shi mutum ne da bai iya yabon aikin da bai miƙe ba.

"Alhaji, ka yi haƙuri, gaskiya zan faɗa. Yana jan mu kam. Amma bai miƙe ba. Ya yi tumbi. Ba laifinka ba ne, ido ne."

"Tumbin a ina yake? Tsakiya, ko kusa da gora?"

"Kusa da gora. Daga nan sai ya zo yana lafewa har baya."

"Gefen baya fa, yana rawa?"

"Ko kaɗan. Ya tsaya cak."

Baba ya yi wata irin dariya da ban taɓa ji ba, hawaye suna bin gemunsa. "To ai shi ke nan, Datong. Tumbin nan shi ne aikin. Shekara biyar na yi kafin maigidana ya yarda in yanka shi da kaina." Ya sake naɗe igiyar a hannu, tana jansa yana janta. "Ashe haka yake ja. Ashe da ƙarfi haka."

Ni kuwa na sunkuyar da kai, na tuna mai keken da na kusa kai wa. Ban taɓa gaya wa Baba ba.

Muka haye kududdufin sau uku kafin yayyafi ya kore mu. A juyi na biyu gora ta bugi Baba Datong a ƙeya, ya ce da an bar masa ƙusoshinsa da haka ba ta faru ba. Baba ya rayu shekara huɗu bayan wannan, a cikin duhu, bai sake ɗinki ba. Labarin teku dai bai daina ba, sai dai ya canja. In direbobi suka ce Kyaftin, sai ya ce a'a, shi mai ɗinki ne, sau ɗaya ya shiga jirgi mai filafili, a hanyar Bukuru. In suka tambaya yaya filafilin yake, sai ya nuna bencin da Baba Datong ke zama duk ranar Asabar ya ce, "Ku tambayi wancan. Shi ya gani."